Cakulan da Harshen Mai Cin Goro

Duk wanda ya daɗe yana karanta littattafanmu na soyayya ya san wannan fage. Saurayi ɗan masu hali ya dawo daga Landan ko Dubai, ya aiko direba da tsaraba gidan su yarinya, a zuge jaka a tarar da turaruka da agogo da "cakulan mai tsada". Daga nan sai a wuce. Marubuciya tana iya cinye shafi biyu tana siffanta mana leshin da yarinyar ta ɗaura da irin kujerun falon babanta, amma cakulan ɗin nan kalma biyu kacal yake samu, wato mai tsada. Da wuya a gaya mana yadda ya yi a baki, balle a ce ga ƙasar da ya fito. Alhali kuwa da goro aka kai gidan, ko ɗan koyon rubutu ne sai ya faɗa mana ƙwarya nawa ce, fari ne ko ja, marsa ne ko minu, daushe ne ko sabon ɗauka.

Wannan bambanci shi ya sa ni ɗaukar alƙalami. Ra'ayina shi ne, a duk duniya ba mutane da yawa ne Allah ya hore wa harshen da ya dace da cakulan na ƙwarai kamar mai cin goro ba. Amma an saba mana da sukari da mai da aka rina da ɗan garin koko, har muka ɗauka shi ke nan abin. Yanzu kuma ga yayin cusa tarkace iri-iri cikin cakulan ya shigo, wanda yake ƙara ɗauke hankalinmu daga tambayoyin da ya kamata mu riƙa yi: ƙwayar nan daga ina take, wa ya gyara ta, nawa aka biya shi?

Bari in fara share wata tantama. Kokon da nake magana a kai daban yake da kokon da ake sha da ƙosai, sunan ne kawai ya zo ɗaya. Wannan itace ne na kurmi, mai fitar da kwanso kamar ƙaramar gwanda a jikin gangarsa da manyan rassansa, kowane kwanso da ƙwaya 30 zuwa 40 a ciki. Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne, masana tsirrai sun sa itacen koko da itacen goro a dangi guda. A cikin dangin nan kuma akwai kuka da kuɓewa da rama da zoɓo da auduga. Ke nan baƙon da muke ganin ya zo daga Turai cikin takarda mai ƙyalli ɗan uwan miyarmu ne. Sinadarin da ke wartsake mai cin goro akwai shi kaɗan a koko, wanda kuma ya fi yawa a koko akwai shi kaɗan a goro. Ko a gona ma maƙwabta ne. A ƙasar Yarbawa da ƙasar Asante an saba ganin itatuwan goro tsaye a tsakiyar gonar koko suna yi mata inuwa, kuma cibiyar binciken koko ta Nijeriya da aka kafa a Badun a 1964 ita ce aka ɗora wa binciken goro.

Kakanninmu fatake sun yi ɗaruruwan shekaru suna taka sayyada daga Kano zuwa Gwanja, su yi watanni a hanya, don kawai su ɗauko goron da ya fi a kasuwar Salaga. Ba su taɓa yarda cewa goro goro ne ba. Sun san na Gwanja, sun san ɗan Laɓoji na ƙasar Nufe da ake kai wa sarakuna, sun san hannun-ruwa ba sa'an sauran ba ne. Har gobe in ka je Mariri za ka ga dillali ya ɗauki ƙwaya ɗaya daga huhu, ya juya ta, ya ɓara, ya duba ko da sankara, ya gatsa, ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya yanke farashi. Abin da Turawa masu ɗanɗanar cakulan ke yi ke nan a tarukansu na birnin Faris, sai dai su suna cika takarda, shi kuma ilminsa a ka yake.

Shi koko asalinsa na Kudancin Amurka ne. Masu tonon tarihi sun samu ragowarsa a jikin tukwane a ƙasar Ikwado, na sama da shekara 5,000. Mutanen Maya da Aztek na yankin Meziko sha suke yi, da ɗacinsa, su zuba barkono da banila, kuma suna ciniki da ƙwayarsa kamar yadda muka yi da wuri. Sifaniyawa ne suka kai shi Turai aka haɗa shi da sukari. Sandar cakulan da muka sani kuwa jiya-jiya ce: a 1828 Van Houten na Holan ya fito da injin matse man koko, a 1847 kamfanin Fry na Ingila ya yi sanda ta farko, a 1875 Daniel Peter na Suwizalan ya haɗa da madara, a 1879 Rodolphe Lindt ya gano cewa in aka daɗe ana markaɗa shi ana juyawa sai ya yi sulɓi ya narke a harshe. A wannan shekara ta 1879 ne kuma ake cewa wani maƙeri, Tetteh Quarshie, ya dawo gida daga tsibirin Fernando Po da ƙwayoyin koko ya shuka a Mampong. Zuwa 1911 ƙasar da yau ake kira Gana ta zama ta ɗaya a duniya wajen nomansa, ta riƙe kambun har ƙarshen shekarun 1970 da Kwaddebuwa ta karɓe. Da kuɗin koko aka gina dogon benen nan na Cocoa House a Badun a 1965, da shi kuma gwamnatin Awolowo ta samu ƙarfin fara ilmi kyauta a 1955. Mutanenmu da yawa da suka zauna a zangunan Kumasi da garuruwan kurmi sun ci abinci a wannan harka, wasu da ƙodago a gonaki, wasu da dako, wasu da saye da sayarwa.

To a ina daɗin cakulan yake samuwa? Nan ne nake so mai karatu ya ɗan zauna. In ka fasa kwanson koko, abin da za ka gani farin yauƙi ne mai zaƙi da ɗan tsami ya lulluɓe ƙwayoyin. Ka tauna ɗanyar ƙwayar, ba abin da za ka ji sai ɗaci da baurin da ya fi na ɗanyen goro, ba ko alamar ƙamshin cakulan. Ƙamshin sai an yi masa irin aikin da ake wa kalwa kafin ta zama daddawa. Manomin Gana zai shimfiɗa ganyen ayaba, ya tara ƙwayoyin da yauƙinsu, ya rufe da wani ganyen, ya bar su kwana biyar zuwa shida, yana buɗewa yana juyawa. Tarin zai ɗau zafi har ya kusa awo 50, zaƙin yauƙin ya juye tsami irin na binega, tsamin ya ratsa cikin ƙwayar ya kashe ta, baurin ya ragu, cikin ya tashi daga launin shunayya ya koma ruwan ƙasa. Sannan a shanya a kan tabarmar gora, a riƙa motsawa da hannu ana tsince marasa kyau, mako guda ko fiye, har sai ta yi ƙaraurau. Duk matar da ta taɓa yin daddawa ta san in aka buɗe da wuri ba ta yi ba, in aka bari ta zarce ta lalace, kuma ba wata dabarar girki da za ta gyara ta daga baya. Haka koko. Injinan Beljiyam da Suwizalan, duk tsadarsu, suna fito da abin da manomi ya riga ya sa a cikin ƙwayar ne. In bai sa ba, sai dai a ƙona ta wajen suya don a ɓoye aibinta, a danne da sukari da banila.

Matsalar ita ce wannan aiki na kwana goma sha yana cin lokaci da ƙarfi, mai saye kuma a sikeli yake biya. Manomin da ya tsima nasa kwana shida da wanda ya yi kwana biyu ya kwashe, in farashinsu ɗaya ne a kilo, me zai sa na farkon ya ci gaba da wahalar da kansa? Mun ga misalin wannan a gida. Da gwamnatin Babangida ta rushe hukumar cinikin koko a 1986, 'yan kasuwa suka bazama ƙauyuka suna saye ko bai bushe ba, sunan kokon Nijeriya ya zube a kasuwar duniya, aka riƙa sayensa da ragi. Gana kuwa ta riƙe hukumarta, wadda tun 1947 take, kuma har yau ma'aikatanta na tsaga ƙwayoyi daga buhuna su duba cikinsu kafin a buga hatimi. Hukumar tana da nata laifuffukan da manoma ke kuka da su, amma wannan binciken ne ya sa kokon Gana ya zama ma'aunin da ake gwada na sauran ƙasashe da shi.

Yawancin abin da ake nomawa a Afirka ta Yamma, inda kusan kashi 70 cikin 100 na kokon duniya ke fitowa, ana zuba shi ne a jirgi a gauraya na dubban gonaki wuri guda. Manyan kamfanoni abin da suke so ke nan, don sandar bana ta yi daidai da ta bara. Sai a shekarun 1980 wasu gidajen cakulan na Faransa, irin su Bonnat da Valrhona, suka fara fito da sanda mai ɗauke da sunan wurin da aka noma ƙwayar ko yawan kokon da ke ciki. Daga baya ƙananan masu sana'a suka yawaita a Amurka da Turai da sauran wurare, masu sayen ɗanyar ƙwaya buhu-buhu daga ƙauye sananne, su soya, su niƙa, su zuba a mazubi da kansu. Irin wannan shi nake nufi da cakulan na ƙwarai, kuma a nan ne ainihin baƙon ɗanɗano yake.

Na samu damar jera irin waɗannan sanduna ina gutsura ɗaya bayan ɗaya, duk kashi 70 ko kusa da haka, ba abin da ke cikinsu sai koko da sukari. Na kwarin Sambirano da ke Madagaska tsami ne da shi mai kaifi, wallahi ka rantse an jiƙa zoɓo ko tsamiya an zuba. Na Ikwado ƙamshin fure yake, ɗacinsa a kwance. Na Papuwa Niugini ƙauri yake kamar kilishin da ya sha hayaƙi, saboda ruwan sama ya yi musu yawa, da wutar itace manoma da dama ke busar da nasu. Na Gana kuwa shi ne wanda hanci ya sani, garɗi mai nauyi kamar na gyaɗar da aka soya a yashi, ba ya fizgar ka ko'ina. Ba wanda aka ɗiga wa wani turare. Irin itacen ne, da ƙasar, da ruwan saman, da hannun wanda ya tsima.

Na ɓallo na Madagaskan na miƙa wa wani kawuna, dattijon da haƙoransa suka rine da goro tun kafin a haife ni, wanda kuma ko shayi ba ya sha da sukari. Ya karɓa yana harara ta, ya ce, "Kai yaro, ni za ka ba alawar yara?" Na ce, "Kawu, a dai taɓa." Bai tauna nan take ba. Ya sansana, ya sa a baki ya bar shi, ya yi shiru irin na dillalan Mariri. Can ya nemi ruwa ya kurɓa, ya gyaɗa kai, ya ce, "Wannan ai goro ne da ya yi boko. Ka ji ruwan ya yi zaƙi a bayansa." Su kuwa yaran gidan da aka ba, tofarwa suka yi suna cewa magani ne. Ba laifinsu ba ne. Shi dattijon ya shekara hamsin yana koyon cewa ɗaci ƙofa ce, in ka yi haƙuri akwai abu a bayanta. Su tun suna goye aka koya wa harshensu cewa daɗi shi ne zaƙi. Ina jin tsoron muna rainon zuriyar da ba za ta iya cin goro ba, ba za ta iya cin gauta ko miyar shuwaka ba, kuma likitoci na ta kuka da yawaitar ciwon sukari a biranenmu.

Wanda yake son ya sayi na kirki, ya bar kallon gaban fakiti inda aka zana zinariya da tutar Suwizalan ko Beljiyam. Ko itacen koko ɗaya ba ya tsira a gonakin ƙasashen nan. Ya juya baya ya karanta jerin kayan haɗi, domin ƙa'ida ita ce abin da ya fi yawa shi ake fara rubutawa. In sukari ne a farko, to alawa ka saya. In ka ga manja ko man alayyadi a maimakon man koko, shi ne irin wanda ke manne wa a dasashi kamar ka tauna kyandir, don shi man koko na gaskiya yana narkewa ne a ɗan ƙasa da zafin jikin mutum. Dokar Tarayyar Turai ta ce baƙin cakulan sai ya kai kashi 35 na koko, mai madara kashi 25. A Amurka kuwa mai madara yana wucewa da kashi 10 na niƙaƙƙen koko. Amma kada lamba ta ruɗe ka, don kashi 85 na ƙwayar da ta yi fumfuna bai kai kashi 60 na mai kyau ba. Abin da ya fi lamba shi ne a ga sunan wuri: ƙasa, yanki, in da hali har ƙungiyar manoman. Sannan Musulmi ya buɗe ido, musamman a kwalayen nan masu ƙananan cakulan iri-iri da ake sayarwa a filayen jirgi, domin wasu da giya ake cika cikinsu, kuma a rubuce yake ga wanda ya duba.

Akwai wani abu a wannan doka ta Turai da ya shafe mu kai tsaye. A shekarar 2000, bayan an daɗe ana jayayya tsakanin ƙasashensu, an yarda a sa wani man itace har kashi 5 cikin 100 a cakulan kuma a ci gaba da kiransa cakulan. Mai iri shida aka amince da su, ɗaya daga ciki man kaɗanya ne. Ke nan 'ya'yan kaɗen da matan ƙauyukan Neja da Kwara da Kebbi ke tsinta da asuba, kaso mai yawa na wanda ake fitarwa waje a masana'antun kayan zaƙi yake ƙarewa. A watan Agustan 2025 gwamnatin tarayya ta sa dokar hana fitar da ɗanyensa na wata shida, wai don a riƙa sarrafa shi a gida. Ka ga tsarabar da saurayin littafi ya ɗauko daga Landan tana iya zama kokon Ondo da kaɗen Bida, sun je yawon duniya sun dawo da sabon suna.

Yanzu ga batun baƙin haɗe-haɗe. Ni ba na cikin masu cewa haramun ne a sa wa cakulan komai. Haɗin barkono ma ai shi ne na asali, sukarin ne baƙo. A garin Modica na tsibirin Sisili har yau suna yin wani iri da ba a dumama shi sosai, sukarin bai narke ba, kana ci yana ƙaras-ƙaras, su sa kirfa ko barkono. Ɗan gishirin teku a kan baƙin cakulan yana kwantar da ɗaci ya fito da ƙamshi, kamar yadda yake yi wa ɗanyen mangwaro. Citta ma tana zama da shi lafiya. A Dubai kamfanin Al Nassma ya fara yin na nonon raƙumi a 2008, wanda yake da ɗan gishiri-gishiri, duk wanda ya taɓa shan nonon taguwa a Agadas zai gane shi. Japanawa kuwa sun kai abin maƙura. KitKat kaɗai an yi masa ɗanɗano sama da 300 a can, har da na garin koren shayi da na wasabi, wani koren yaji mai hawa hanci. Sunan ya yi kama da wata kalmarsu ta fatan nasara, shi ya sa ake ba ɗalibai in za su shiga jarrabawa.

Ma'aunina ɗaya ne. Bayan an sa abin da aka sa, ana jin kokon ko ba a ji? Yaji aikinsa ya tashi nama. In ka ci tsire ba ka ji komai ba sai ƙuli da barkono, ka tuhumi naman. A kan wannan ma'auni nake auna abin da ake kira cakulan Dubai, wanda ya rikita duniya. Wani ƙaramin kamfani mai suna Fix ne ya ƙirƙiro shi, sanda mai kauri da aka cika da markaɗaɗɗen fustuƙ, wata koriyar gyaɗa ta ƙasashen gabas, da man riɗi da soyayyen zaren kunafa. A watan Disamban 2023 wani bidiyo na wata mata tana ɓara shi ya zagaye TikTok, daga nan kowa ya shiga kwaikwayo, har farashin fustuƙ ya tashi a kasuwar duniya. Yana da daɗi, ban musa ba. Amma an yi shi ne don ido da kunne, don koren da ke malalowa da ƙarar da yake yi a waya. A yawancin na kwaikwayon da ke yawo, cakulan ɗin bango ne kawai da ke riƙe da cikin, kuma na ga an sayi irinsu da kuɗin da ya fi na sanda biyu ta ƙwarai, ba wanda ya tambayi ko da man koko aka yi bangon.

Na san wani zai ce, malam, ana fama da kuɗin masara kai kana zancen ƙamshin fure a cakulan. Gaskiyarsa. Ban ce kowa ya saya ba, kuma wanda bai taɓa ci ba bai rasa komai na rayuwa ba. Maganata da waɗanda suka riga suke kashe kuɗin ne, masu cika akwati da shi daga Umara, masu jera shi a kayan lefe da na sallah. Tunda za a kashe, gara a san inda kuɗin ke tafiya. Wani rahoto mai suna Cocoa Barometer ya ƙiyasta a 2015 cewa abin da ke isa hannun manomi bai kai kashi 7 cikin 100 na kuɗin sanda ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A 2020 wani binciken cibiyar NORC ta Jami'ar Chicago ya ce yara kusan miliyan ɗaya da rabi ne ke aikin da bai dace da shekarunsu ba a gonakin koko na Gana da Kwaddebuwa, shekara 19 bayan manyan kamfanoni sun sa hannu a 2001 cewa za su kawar da mafi muninsa. Ƙasashen biyu sun haɗa kai a 2019 sun ɗora dala 400 a kan kowane tan don manomi ya samu na rufin asiri, masu saye kuma suka yi ta neman hanyar zamewa.

Sai ga 2024. Cutar kumburin reshe da ruɓar kwanso, da rikicewar damina, da tsufan itatuwa, da masu haƙar zinariya da ke cinye gonaki a Gana, suka taru suka karya amfanin. Tan ɗin da ake sayarwa wajen dala 2,500 a farkon 2023 ya haura 10,000 a watan Maris na 2024, ya wuce 12,000 a Disamba, kafin ya rikito a 2025. Manoman Nijeriya da Kamaru, da yake kasuwarsu a sake take, sun ɗan dara. Na Gana da Kwaddebuwa kuwa gwamnati ce ke yanka musu farashi, kuma an riga an sayar da amfanin tun yana bisa, sai suka zama 'yan kallo, wasu suka koma fasa-ƙwauri ta kan iyaka. Kamfanoni kuma suka rage girman sanda, suka rage koko, har a 2025 wasu sanannun biskit na Ingila suka rasa ikon kiran abin da aka shafa musu cakulan. Wanda bai saba juya fakiti ba, ba zai ma san an canza masa ba.

Ba na ruɗin kaina cewa sayen sanda mai sunan ƙauye zai warware wannan. Masu irin wannan sana'a 'yan kaɗan ne, kuma wasu labarin kawai suke sayarwa, da hoton manomi yana murmushi. Amma na gaskiyarsu suna biyan ƙari a kan ƙwayar da aka tsima da kyau, wasu har suna buga farashin da suka biya. Wannan ita ce hanyar da na sani wadda kwana shidan nan na ƙarƙashin ganyen ayaba ke zama kuɗi a aljihun wanda ya yi su. Kuma ba dole sai an tsallaka teku ba. Gana ta daɗe tana yin Golden Tree a Tema, wanda aka yi shi yadda zai jure zafi, kuma tun 2007 suka mai da 14 ga Fabrairu ranar cakulan ta ƙasa. A 2016 wasu 'yan'uwa mata biyu suka kafa '57 Chocolate a Akra, suna zana tambarin gargajiya na Adinkra a jikinsa, har da mai zoɓo suna yi. Kamfanin Fairafric ya buɗe masana'anta a kusa da Suhum a 2020. A Legas da Abuja ma akwai ƙananan masu yi da kokon gida. Wanda ke da ɗan'uwa a zangon Kumasi ko Nima, in zai zo ganin gida, ya roƙe shi wannan maimakon atamfa.

Babban abokin gabarmu a arewa zafi ne. Cakulan na son wuri mai sanyin awo 15 zuwa 18, mu kuwa a watan Afrilu muna haura 40. In ya narke ya sake daskarewa sai ka ga fari-fari a jikinsa kamar toka. Man ne ya taso, ba zai cutar ba, amma sulɓin ya tafi, kuma ba zai yi ƙas ɗin nan ba in an karya. Firiji na taimakawa in akwai wuta, sai dai a naɗe shi sosai a sa a roba mai murfi, don yana zuƙar warin duk abin da ke kusa, kada ka wayi gari da cakulan mai ɗanɗanon kifi. In an fito da shi a bar shi ya huce kafin a buɗe. Ni dai hunturu nake jira, daga Disamba zuwa Janairu, lokacin da za a iya ɗauko shi a mota daga kudu ya iso da mutuncinsa.

Abin da na fi ƙosawa in gani shi ne ranar da masu yin cakulan na gida za su shiga kasuwar Kurmi da ta Rimi da idon basira. Zoɓo an riga an gwada, ya zauna. Garin 'ya'yan kuka, da ɗan tsaminsa mai laushi, ina ganin zai dace da mai madara. Aya soyayya za ta yi abin da fustuƙ ke yi a kan kuɗi kaɗan, haka kantun riɗi. Goruba tana da wani ƙamshi kamar na gasasshen burodi da citta wanda na tabbata zai bi baƙin koko. Kimba da masoro sai a yi hattara, kaɗan ya isa, kanumfari kuwa zai danne komai in aka sake masa. Wanda na fi son in ɗanɗana shi ne mai daddawa. Kada a yi dariya. Japanawa suna sa miso a nasu, wanda shi ma waken suya ne da aka tsima da gishiri, kuma ana saye. A samu daddawar kalwa busasshiya, a ɗan gasa ta a daka, a barbaɗa ƙanƙane a kan kashi 70 na kokon Ikom ko na Idanre, a kawo mini a cikin sanyin Janairu, ni da kawuna mu zauna da kofin ruwa a gefe.